Wasiƙa zuwa ga ɗana kan gona da littafin zuri'a

Ya ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na rubuto maka ne domin in ƙarasa maganar da muka fara ranar da ka zo duba ni. Ka tarar da ni da littattafan nan biyu a gabana, ka tambaye ni abin da ya sa mutumin da ya wuni a gona zai hana idonsa barci a kan sunayen mutanen da ƙasa ta daɗe da rufewa. Ban ba ka cikakkiyar amsa ba a lokacin. Yanzu ƙarfi ya fara ja baya, kuma na yanke shawarar cewa hannunka za su koma, don haka ya kamata ka san nauyin abin da za ka karɓa.

Littafin farko na gona ne. Tun shekarar da kakanka ya sakar mini aiki nake rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka, da ranar da muka shuka, da irin da muka sa a kowace gona, da abin da muka kai rumbu bayan girbi. Abu na farko da ya koya mini shi ne cewa tunanin mutum yana yaudararsa. Na yi shekaru ina iya rantsuwa cewa gonar gangare ta fi ta tudu albarka, saboda wata damina guda da ta yi kyau ƙwarai ta zauna mini a rai. Da na tara lissafin shekara goma sai na ga ta tudu ce ke ciyar da mu, ita kuwa ta gangare ruwa ne yake kwashe mata ƙasa sannu a hankali. Ƙasar saman nan mai duhu da shuka ke rayuwa a kanta takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta taru, amma ruwan dare ɗaya yana iya tafiya da ita idan an bar gona tsirara ko an yi kunya ta bi gangare. A littafin ne kuma na tabbatar da abin da magabata suka sani, cewa hatsi ya fi kyau a inda wake ya kwana bara. Idan ka tumɓuke wake ka duba saiwarsa, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle, a cikinsu ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abin da shuka za ta amfana da shi. Haka nan ba na shuka irin da ban gwada ba. Nakan ƙirga ƙwaya 100 in naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, bayan mako guda in buɗe in ƙirga waɗanda suka tsira, in rubuta adadin kafin in yarda da buhun.

Littafi na biyu na zuri'a ne, nadama ce ta haife shi. Mahaifina yana da yaya mace, gwaggona, wadda ta san kowa a zuri'armu, ta san wanda ya haifi wane, da wadda aka auro daga ina, da dalilin da ya raba wasu 'yan'uwa da gida. Sau biyu kawai na zauna da ita da takarda a hannuna. Ina iya ganinta har yanzu, idonta ya tafi amma yatsunta na ɓare iri ba kuskure, tana jero sunaye ina rubutawa, idan na yi tuntuɓe ta maimaita mini ba tare da ƙosawa ba. A zama na biyu ta ce in dawo ta gaya mini dangin mahaifiyarsu. Na ce sai an gama girbi. Kafin mu ɗaure damin ƙarshe Allah ya yi mata rasuwa, kuma yau shekara fiye da talatin ina bin wannan reshe ban same shi cikakke ba. Aikin gona yana da lokacinsa, na yarda, amma wuni guda da na ƙi bayarwa bai ƙara mini komai a rumbu ba.

Duk da haka, a zama biyun nan ta koya mini yadda ake kamo shekara daga bakin wanda bai taɓa rubuta kwanan wata ba. Kada ka tambayi tsoho a wace shekara aka yi abu kaza, domin zai ba ka lamba don kada ya kunyata ka, lambar kuwa ba lallai ta zama daidai ba. Tambaye shi abin da ke faruwa a duniya a lokacin. Gwaggo ta ce an haifi mahaifina a shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito, ta kuma ce yana famfara annobar mura ta ɗauke mahaifiyarsu. Tauraruwar da masana ke kira Halley ta bayyana a 1910, ta sake dawowa a 1986, annobar murar da ta game duniya kuwa a 1918 ta ɓarke. Yaron da aka haifa a 1910 yana da shekara takwas a 1918, wato daidai lokacin da haƙoran yara ke zuba suna sakewa. Shaida biyu suka haɗu, sannan na rubuta shekarar da zuciya ɗaya. Ka kuma kula da irin shekarar da mai ba ka labari yake ƙirgawa da ita, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, ta yadda shekara 33 ta wata take daidai da kusan 32 ta rana. Wanda aka ce ya rasu yana da 66 a lissafin wata, 64 yake da ita a lissafin rana.

Za ka ga a gefen kowane shafi na rubuta daga bakin wanda na ji labarin, da ranar da na ji, da ko ya gani da idonsa ko shi ma ji ya yi. Wannan ɗabi'a daga malaman hadisi na aro ta, su da ba sa karɓar magana sai sun san wanda ya ɗauko ta da wanda ya ba shi. Inda mutum biyu suka saɓa, na rubuta maganar kowannensu na bar su a haka. Kada ka goge ɗaya don shafi ya yi kyau, wataƙila jikanka ne zai samu takardar da za ta raba gardamar.

Akwai wani giɓi da yake damuna, ina so ka fi ni ƙoƙari a kansa. Kowane mutum iyaye biyu gare shi, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas, na gaba da su goma sha shida, har idan ka hau hawa goma lissafi ya ba ka gurbi 1,024. Amma yawancin masu bin salsala layin uba kaɗai suke kamawa, wane ɗan wane ɗan wane, wato mutum ɗaya a kowane hawa, su bar sauran. A cikin goma sha shidan nan nawa, tara na samu sunayensu, kuma shida daga cikin bakwai ɗin da suka ɓace mata ne. Su ne suka yi renon mazan da muke alfahari da su, suka zaɓi irin da za a ajiye, suka riƙe gida a shekarun yunwa. Ka zauna da mahaifiyarka da 'yan'uwanta, ka rubuta nasu reshen da irin kulawar da na ba nawa.

Jarrabawa mafi girma a wannan aiki ita ce son a ƙawata asali. Ni ma ta taɓa kama ni. Wani dattijo ya gaya mini cewa kakan kakana jinin wani babban gida ne, maganar ta yi mini daɗi, na rubuta ta da tawada ban nemi shaida ba. Bayan shekaru na gane cewa suna ne kawai ya zo ɗaya, namu kakan kuwa baƙo ne da ya zo da fartanya a kafaɗa, ya yi wa mutane ƙwadago har ya sassabe gonar kansa. Na ja layi a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, na rubuta gyaran a ƙasa. Masanin tarihi Ibn Khaldun, a littafinsa Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin tarihi, daga ciki akwai son rai, da yarda da mai ba da labari ba bincike, da neman faranta wa manya. Duk ukun na same su a ƙaramin littafin gidanmu. Ka rubuta wanda ya yi arziki da wanda bashi ya cinye gonarsa, domin na biyun ya fi koya wa jikoki hankali. Amma abin da zai tona asirin mai rai ko ya tayar da tsohuwar gaba, ka san inda za ka ajiye shi da wanda za ka nuna wa, domin dalilin sanin nasaba shi ne sada zumunci.

Game da adana su, abin da ke kashe iri shi ke kashe takarda, wato laima da zafi da ƙwari. Gara ta taɓa cinye mini shafi goma sha ɗaya saboda na jingina akwatin da bango. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka riƙa buɗe shi kana dubawa musamman da damina. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, ka tura wa ƙannenka, domin waya ɗaya tana iya faɗawa ruwa. Ko manyan ƙasashe ba sa yarda da ajiya guda, shi ya sa a 2008 aka buɗe rumbun iri na duniya a Svalbard ta ƙasar Norwe, cikin dutse, inda ake ajiye kwafin irin da ke wasu rumbuna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Tsofaffin hotuna kuma ka rubuta sunan kowa a bayansu da fensir tun masu gane fuskokin suna raye. Iyakokin gonakin suna shafukan ƙarshe tare da shaidun kowace iyaka, ka bi su da ƙafarka tare da maƙwabta kafin wata damina.

Shi Ibn Khaldun ɗin ya ce martabar gida takan ƙare a hawa na huɗu: na farko ya gina, na biyu ya ga yadda aka gina, na uku ya yi koyi da abin da ya ji, na huɗu ya zaci haka abin ya faɗo daga sama sai ya rushe. Idan na ƙirga daga mahaifina, wanda ya farfaɗo da gonakin nan bayan sun kusa fita hannunmu, 'ya'yanka ne na huɗun. Ban ce ka bar aikinka ka dawo ka riƙe fartanya ba. Ina roƙonka ka riƙa kawo su lokacin shuka da lokacin girbi, su taɓa ƙasar da hannunsu, ka karanta musu shafin baƙon nan da ya zo da fartanya.

Baffanka ne kaɗai ya rage cikin waɗanda suka zauna da gwaggo, kuma jikinsa ya yi rauni a bana. Ka je wurinsa a wannan watan, ka tafi da abin ɗaukar murya, ka fara da tambayar dangin kakarmu. Idan ya gaji ka bar shi ya huta, ka koma washegari. Mahaifiyarka tana gaishe ka da yaran. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka