Wanda ya ce mugu mugu ne har kabari bai zauna kasuwa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne a kan shirinku na adabi na daren Lahadi. Gaskiya raina ya ɓaci, kuma har yanzu maganar tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Malamin da kuka gayyato ya tsaya kai da fata cewa dole marubuci ya raba mutanen labarinsa gida biyu tun daga shafin farko, mutanen kirki gefe guda, miyagu gefe guda. Wai kada a nuna mugu yana alheri ko sau ɗaya, kada kuma a nuna mutumin kirki ya yi tuntuɓe, don kada yara su ruɗe. Ya rufe da cewa hali zanen dutse ne. Shi kuwa mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai "haka ne, malam, haka ne." Ina amfanin tattaunawar da ba a tambayar baƙo hujja?

Ni ba ɗan jami'a ba ne, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 a nan Legas, amma na yi karatun allo, na kuma zauna gaban malamai a zaure. A cikin Suratush Shamsi Allah Ya rantse da rai, Ya ce Ya kimsa masa fajircinsa da taƙawarsa. Rai ɗaya ne, abu biyu aka zuba masa. Malamanmu sun karantar da mu rai mai yawan umurni da mummuna da aka ambata a Suratu Yusuf, da rai mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da rai mai natsuwa a Suratul Fajri. To waɗannan ba ƙabilu uku ba ne da ke zaune a garuruwa daban-daban. Mutum guda yana iya kwana da ɗaya ya tashi da ɗaya. Kuma wane labari ne ya fi ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda Allah da kanSa Ya kira mafi kyawun labari? Waɗanda suka jefa shi rijiya 'yan'uwansa ne, 'ya'yan Annabi, tarbiyyar gidan annabci. Daga baya suka amsa laifinsu, ya ce musu babu zargi a kansu. Da a hannun baƙonku labarin nan yake, da ya goge ko dai rijiyar ko kuma tuban. Sayyidina Umar fa? Da takobi ya fito neman Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya koma gida Musulmi, ya zama halifa na biyu. Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu shi ne ya musulunta, har ya jefi Musailamal Kazzabi da mashi a Yamama. Wane zanen dutse ake magana a kai?

Bari in gaya muku abin da idona ya gani. Akwai wani yaro ɗan dako da ke taya mu sauke kaya idan tirela ta iso daga Aliero ko Sakkwato. Yaron nan hannunsa ba shi da kyau, kowa a layinmu ya sani. Ni kaina na taɓa kama shi ya farke gindin buhuna, yana tsame manyan albasa yana cusawa a wani leda da ya ɓoye ƙarƙashin rumfa. Na kore shi, na ce kada in sake ganin ƙafarsa a wurina. Sai ga rikicin Hausawa da Yarbawa na watan Maris na 2016, wanda ya tashi ta wajen unguwar Agiliti har gwamnati ta rufe kasuwar. Ranar kowa ta kansa yake yi, mutane na tsallake kwandunan tumatir suna faɗuwa. Akwai wata dattijuwa Bayarabiya da ke sarin albasa a wurinmu, ƙafarta ɗaya ba ta da lafiya, ta zube cikin taɓo, zaninta ya kwance, jakar kuɗinta a ƙasa. Yaron nan, ɓarawon albasa, shi ya dawo da baya. Ya cire rigarsa ya rufa mata, ya goya ta, ya ɗauki jakar ya rataya a wuya, ya kai ta har inda 'yan'uwanta suke, wurin da shi kansa za a iya hallaka shi saboda yarensa. Da aka buɗe kasuwa matar ta zo da bakinta ta ce ko naira ɗaya ba ta ɓace a jakar ba.

Ba zan ce muku daga ranar ya zama waliyyi ba. Bayan haka ma an sake kama shi da ɗan hali a wani layi. To a wane gida malaminku zai ajiye shi?

Na kuma san wani babban mutum, sahun farko ba ya wuce shi, kullum carbi a hannu. Abokin cinikinsa ya rasu ya bar masa amanar marayu, ya cinye ta tas, uwar yaran ta koma Arewa da ƙunshin kaya kawai. A littafin da baƙonku yake so a rubuta, wannan mai farar riga shi ne gwarzo. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ina da 'ya'ya mata da ke karanta littattafan Hausa a waya. Idan aka koya musu cewa mugu kullum yana zuwa da jajayen idanu da muguwar dariya, ranar da ya zo da sallama da tattausar murya ba za su gane shi ba. Yaron da ya taɓa yin kuskure kuma, idan duk labarin da ya karanta ya ce masa irinsa ba sa gyaruwa, me zai sa ya nemi tuba?

Kakanninmu ma ba su yi mana haka ba. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, yana cutar Ƙoƙi yana cutar kura, amma mun so shi, mun kuma gane cewa abin da yake yi ba daidai ba ne. Ba wanda ya tsaya ya yi mana wa'azi a kai. Ni ban ce a rubuta batsa ba, ban kuma ce a ƙawata ɓarna ba, kada wani ya juya mini magana. Cewa na yi a nuna mutum yadda Allah Ya yi shi, yana kokawa da zuciyarsa, yau ya kayar da ita gobe ta kayar da shi.

Ina roƙonku ku sake shirin nan, ku gayyato marubuci ko marubuciya da za su ƙalubalanci malamin ido da ido.

Sannan wata magana. Lambar wayar da kuke bayarwa a ƙarshen shiri ba ta shiga daga nan, ko ta shiga ba a ɗauka. Saƙonnin da kuke karantawa kuma kullum daga Kano ne da Kaduna da Zariya, sai ka ce babu Hausawa a Agege da Idi-Araba da Obalande da Alaba Rago. Muna nan da yawa, muna saurarenku muna kan aiki. Don Allah a gyara.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani ɗan kasuwar albasa, Mile 12, Legas.