A bar yaranmu da ke Amurka su ƙarasa jami'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana da iyaye 'yan'uwana na nan Garwa, da Marwa, da Ngaundere, har zuwa Kuseri da Injamena, waɗanda Allah Ya ba 'ya'yansu sa'ar zuwa Amurka, musamman ta lotirin biza. Yaran da na sani sun tafi da takardar bakaloriya a hannu, kuma ƙofar da suka tarar a buɗe ita ce kwalejin al'umma, makarantar shekara 2 da ake shiga bayan sakandare. Suna shiga da zafinsu, amma ba duka ke tsallakawa jami'a ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mu da muke gida muna da hannu a wannan.

Lissafi na koyar a lise, wato babbar sakandare, har na yi ritaya. Ɗan ƙanwata yana unguwar Bronx a Niyok, a ɗaya daga cikin kwalejojin CUNY, wato jami'ar birnin, kuma tun rasuwar mahaifinsa ni nake bin karatunsa. Duk takardar da aka ba shi sai ya ɗauki hotonta ya turo mini ta WhatsApp, in sa tabarau in bi ta layi-layi.

A can da kiredit ake auna karatu. Digirin farko kiredit 120 ne, shekara 4. Kwaleji tana ba da wajen 60, don haka wanda ya gama ta kamata ya yi ya faɗa aji 3 na jami'a kai tsaye. Sai dai jami'a ba ta karɓar kowane kiredit. A 2017 ofishin binciken majalisar Amurka, GAO, ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Wannan asarar dala ce da aka biya, da dare da aka raya. Mu ma nan mun san irinta: mai difloma ta BTS da ya zo neman lisans, wato digirin farko, sai an zauna kan takardunsa kafin a gaya masa daga inda zai kama.

Tun wajen cike takardar shiga ake fara yin kuskure. Akwai takardar AA da ta AS, waɗanda aka tsara don mai wucewa jami'a. Akwai kuma AAS, wadda aka tsara don mai neman aiki da ya gama. 'Yar wani maƙwabcinmu, a wata jiha dabam, ta ɗauki ta ukun saboda an ce mata ita ta fi saurin kawo albashi. Da ta so ci gaba, darussanta da yawa sai aka lissafa su a na cike gurbi, ba a na fanninta ba, aka mayar da ita baya. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa. Ba a dai samu wanda ya tambaye ta inda take son kaiwa ba a makon farko.

Sai maganar Turanci. Yaranmu da Faransanci suka yi karatu, dole su bi ajin koyon Ingilishi, kuma galibin waɗannan azuzuwa ba a ƙirga su a digiri. Amma suna cin tallafin Pell, kuɗin karatu na gwamnatin tarayya, wanda mai katin zama yake samu idan ya cike FAFSA, takardar neman tallafi, kuma tallafin yana da iyaka: zango 12 na cikakken karatu a duk rayuwar mutum. Wanda ya ɓata shi yana yawo daga wannan fanni zuwa wancan, zai iya isa jami'a, inda kuɗi ya fi yawa, ya tarar ya ƙare.

A lissafi kuwa yaranmu ba su da abin jin kunya. Wanda ya fito daga sashen kimiyya na C ko D a lise ya riga ya ga abin da ake farawa da shi a can, kalmomin ne kawai baƙi. Ɗan ƙanwata injiniyan gine-gine yake so, a City College, ɗaya daga cikin manyan kwalejojin CUNY. Da ya turo mini jadawalin darussan, sai na ga kibiyoyi daga wannan akwati zuwa wancan: kalkulus na 1 ke buɗe na 2, na 2 ke buɗe na 3, kuma sai da kalkulus ake shiga fizik ɗin injiniyoyi. Kamar ginin bulo ne, ba a ɗora layi na uku sai na biyu ya zauna. Na ce masa, "Ɗana, ko me za ka jinkirta, ban da lissafi." Ya ce, "Kawu, abokaina sun ce in fara da masu sauƙi in tara maki." Na ce ya buga jadawalin nan ya manna a bango, ya tafi da kwafi wurin mai ba ɗalibai shawara, ya tambaye shi darasi ɗaya-ɗaya, wanne ke wucewa, a madadin wanne. Ya yi, kuma yanzu duk darasin da ya ci sai ya ja masa layi da jan biro.

Kayan aikin suna nan kyauta a intanet. CUNY tana da shafin Transfer Explorer, inda za ka sa sunan darasi ka ga yadda wata makarantarsu za ta ɗauke shi. Tun 2013 suna da tsarin Pathways, kiredit 30 na darussan kowa da kowa da ke bin ɗalibi duk inda ya koma cikin CUNY. Wanda ya gama AA ko AS a wurinsu yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin manyan kwalejojinsu, amma ba lallai wadda ya fi so ba, shi ya sa maki ke da muhimmanci. Mai son shiga a zangon kaka ya miƙa takardunsa kafin 1 ga Fabrairu. A Kalifoniya shafin ASSIST ake dubawa, kuma rassa 6 na Jami'ar Kalifoniya suna ba da alkawarin gurbi na TAG, a watan Satumba ake nema. A Merilan, inda 'yan Kamaru suke da yawa, ARTSYS ne. Yaro ya adana takardar manhajar kowane darasi, domin wata rana za a ce ya kawo shaidar abin da aka koya masa. Wanda yake da bizar ɗalibi kuwa ba ya samun Pell, kuma sai sabuwar makaranta ta ba shi sabuwar I-20, takardar shaidar ɗalibi da bizar ta dogara da ita.

To ga namu laifin. Kiredit 12 a zango shi ne cikakken karatu, amma mai son gamawa a shekara 2 sai ya ɗauki 15. Shirin ASAP na CUNY, wanda aka fara a 2007, yana taimakawa da kuɗin littattafai da na jirgin ƙasa, ya haɗa ɗalibi da mai ba shi shawara na kansa. Binciken da aka yi a kansa ya nuna kashi 40 na 'yan shirin sun gama cikin shekara 3, sauran kuwa kashi 22. Sharaɗinsa cikakken karatu. Yaron da ke kai abinci gidaje a kan keke har tsakar dare cikin sanyi, ina zai iya? Kuma me ya sa yake wannan? Saboda wayarmu. Yau ragon layya, gobe suna, jibi bikin 'yar baffa, gata siminti. Mun ga dala ta koma sefa ta yi yawa, mun manta da hayar ɗaki a Niyok. Yaro mai kunya ba zai ce wa gwaggonsa babu ba. Sai ya rage darasi biyu ya ƙara awannin aiki, ya fita daga ASAP, shekara 2 ta zama 5, a ƙarshe ya ce bari ya huta zango ɗaya. Na san waɗanda zangon nasu bai ƙare ba har yau.

Ban ce kada ɗa ya ji ƙan iyayensa ba, Allah Ya tsare. Ciwo da abinci ba sa jira. Amma rufin kwano da kayan ɗaki suna iya jira. Ni da ƙanwata mun tara dangi a tsakar gida bayan la'asar, muka yi magana ɗaya: babu mai kiran yaron nan kan kuɗi sai ta hannuna, har ya karɓi digiri. An yi gunaguni, wasu har yau gaisuwarsu sama-sama ce, amma maganar ta tsaya.

Idan kun kira su, ku tambaye su wace jami'a suke nufi, wane fanni, kiredit nawa suka tara, nawa daga ciki jami'ar ta yarda da su, yaushe suka ga mai ba da shawara. Ko ba ku yi boko ba za ku iya yin waɗannan tambayoyi, kuma yaro zai gane cewa gida na jiran takarda, ba kuɗi kaɗai ba.

Malam Edita, ina roƙon ka ware shafi ga yaranmu da suka riga suka tsallaka, su rubuto da Hausa yadda suka yi, jiha-jiha, domin ƙa'idar Niyok dabam take da ta Teksas ko Ohayo.

Wassalam.

Malamin lissafi mai ritaya,
Unguwar Yelwa, Garwa