Rahoton Sakatare na Ƙarshen Shekara: Aikinmu da Zaren TPU a Bauchi

Assalamu alaikum. Malam shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan uwa maza da mata masu sana'ar firintar 3D (injin da ke narka zaren roba ya gina kaya da shi) a cikin garin Bauchi da kewaye, ga rahoton ayyukan bana. Lissafin kuɗi ba ya cikinsa, ma'aji zai karanta nasa daban tare da rasit. Nawa ɓangaren aiki ne, kuma aikin bana kusan gaba ɗaya a kan abu guda ya ƙare: zaren roba mai lanƙwasuwa, wato TPU.

Za ku tuna abin da ya kai mu gare shi. A zaman farkon shekara kowa kukansa ɗaya ne, cewa kayan da muke bugawa da PLA, zaren roba mai tauri da muka saba da shi, ba sa jure zafin garin nan. PLA yana fara saki tun daga wajen digiri 60 na zafi, ga shi kuma motar da aka bari a rana a watan Maris ko Afrilu cikinta tanderu ne. Ɗan uwanmu na Yelwa ya kawo mariƙin waya da mai shi ya maido masa, ya lanƙwashe kamar kyandir. Wanda bai narke ba, da ya faɗi ƙasa sai ya tsage. Shi ya sa muka yanke shawarar haɗa kuɗi mu sayi TPU, mai kaurin milimita 1.75, naɗin kilo guda, wanda zarensa ya haura mita 300. Mun zaɓi mai taurin 95A. Ga waɗanda ba su zo zaman ba: lambar tana nuna taurin roba ne, tayar mota tana wajen 65 zuwa 70, don haka 95A ya fi taya tauri. Akwai 85A mai laushi sosai, amma muka ce a fara da wanda zai yi mana sauƙi.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Yawancinmu firinta samfurin Ender 3 muke da ita, wadda giyar tura zare take gefe, zaren sai ya bi dogon bututu kafin ya isa nozul, wato bakin da narkakken zaren ke fita. Da PLA babu matsala, domin shi kamar tsinken tsintsiya yake, ka tura ya tafi. TPU kuwa, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin zura zariya a wando ba tare da tsinke ba ya san halinsa. Yana ganin 'yar kafa kusa da giya sai ya fito ta nan ya cukurkuɗe, injin yana ta kai-komo a iska, babu abin da ke fita. Makonnin farko mun yi asarar zare ba kaɗan ba, har wasu suka fara cewa an jefa kuɗin ƙungiya a rijiya.

Abin da ya warware shi, bayan gwaji a injuna daban-daban, na rubuta shi nan don kada wani ya sake biyan kuɗin wannan karatu. A rage gudu zuwa milimita 20 ko 30 a daƙiƙa. Nozul ya tsaya tsakanin digiri 220 da 230, farantin da ake buga kayan a kai kuma 40 zuwa 50 ya isa. A rage janye zare baya sosai, ko a kashe shi a Cura, manhajar da ke shirya wa injin aiki, a haƙura da 'yan zarurrukan da ke saura kamar saƙar gizo, almakashi zai gyara. Mai farantin da aka lulluɓe da robar PEI ya shafa gam na takarda tukuna, domin TPU yana kama shi kamun kazar kuku, wajen ɓamɓarewa sai ya taho da fatar farantin. Daga baya wasu suka ɗauke giyar suka ɗora ta kai tsaye bisa nozul, kuma mariƙin da ake ɗora ta a kai da injunanmu muka buga shi da PETG, wani zaren roba mai tauri. Wannan ya yi mini daɗi, domin shi ne ainihin tunanin aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005: inji ya buga kayan gyaran kansa.

Rage gudu yana nufin abin da PLA zai gama kafin azahar, TPU sai bayan la'asar. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, ko injin ya ci gaba daga inda ya tsaya, wurin yakan bar tabo, kuma daga nan ake yagewa. Don haka dogon aiki mun mayar da shi wajen masu sola da inbata, muna biyan su wani abu.

Muna murnar mun gane kan abin, sai damina ta sauka. TPU yana shan laima daga iska. A watan Agusta naɗin da aka bari a buɗe kwana kaɗan sai ka ji nozul yana tas-tas, kayan su fito da ƙuraje, su yi rauni. Maganinsa a busar da shi a digiri 50 zuwa 55 na awa 4 zuwa 6, sannan a rufe a bokiti mai murfi tare da ƙullin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Wani ɗan uwa, ba zan kama suna ba, ya sa nasa a obin ɗin uwargidansa na gas. Zaren ya manne ya zama dunƙule guda, kuma an ce gidan bai ci kek ba a makon nan. Hunturu shi ne lokacin da zaren ya fi lafiya, sai dai ƙura. Ɗan soso da aka maƙala wa zaren kafin ya shiga giya ya wadatar.

Kasuwa kuma ta zo ta inda ba mu zata ba. Mun ɗauka rigar waya za ta ci, sai muka tarar ta kanti ta fi tamu araha da sheƙi, muka bar ta. Teloli ne suka fara riƙe mu, musamman na wajen kasuwar Wunti, saboda 'yar robar nan da ke juya ƙwarƙwaro a tsofaffin kekunan ɗinki. Ƙaramin abu ne, ba ya cin zare, mintuna kaɗan an gama. Sai ƙafafun janareta masu rage jijjiga, da robar haɗin famfon ban-ruwa, da bushin da washa na kayan da an daina kawo kayan gyaransu. TPU yana jure goga da giris, shi ya sa kanikawa suka yi na'am da shi. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne robar ƙasan sandar dogarawa da muka buga kyauta wa masu lalurar ƙafa. Mun maimaita zanen har sau da dama kafin ta daina santsi a kan tayil.

Akwai inda muka ji kunya. An buga wa wani mai babur gasket, wato robar hana yoyo, na wajen famfon mai, fetur ya kumbura shi, mai ya riƙa ɗiga. Allah Ya kiyaye ba a yi gobara ba. Tun daga nan kwamiti ya hana buga duk abin da zai taɓa fetur, birki, tukunyar gas, ko jikin inji mai zafi, haka kuma abin da za a ci abinci da shi ko yaro zai sa a baki. Wanda ya karya wannan, da sunansa ya yi, ba da sunan ƙungiya ba.

Koyarwar ranar Asabar ta ci gaba, yawancin masu zuwa ɗalibai ne 'yan Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da 'yan foli, kuma 'yan uwanmu mata sun fi mu riƙe lokaci. Kuɗin wata dai har yanzu ana jan ƙafa, alhali tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin zare dala yake bi, ko daga Legas aka saya ko daga Sin. Sayen sari tare shi ne kawai rangwamenmu, shi kuma ba ya yiwuwa da bashi.

A zama mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a kan sayen na'urar busar da zare guda ɗaya ta ƙungiya kafin damina, da kuma ko za mu gwada 85A. Duk wanda ke da tsohuwar roba da aka kawo masa ya zo da ita, ko ta yage, za a auna ta da kalifa, ma'aunin kauri da faɗi, a zana ta a saka cikin ma'ajiyar zanenmu.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya