A Kula Da Yadda Ake Ɗora Kwantena Kan Kwantena

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin jan hankalin 'yan kasuwa da masu filayen ajiya. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano kuma a 2023, kuma irin waɗannan wurare suna da daɓe da injina. Damuwarmu tana ga ƙananan filayen bayan kasuwa da bakin titi, inda ake sauke kwantena a tsurar ƙasa, a ɗora biyu ko uku, yara da 'yan dako na kaiwa da komowa a gindinsu.

Duk ƙarfin kwantena a kusurwoyinta yake. Kowace kusurwa tana da dunƙulen ƙarfe mai rami, ɗaya sama ɗaya ƙasa, takwas ke nan, ginshiƙi na haɗa su. Rufin kuwa falle ne mai kaurin milimita 2 kacal, kilo 300 ake gwada shi da shi. Dole ne dunƙulen ta sama ya zauna daram kan na ta ƙasa. Gwajin masana'anta bai yarda da gociyar da ta wuce milimita 25 ta gefe ko 38 ta tsawo ba. Ana iya ɗora mai ƙafa 40 kan masu ƙafa 20 guda biyu, amma ba a ɗora mai 20 kan mai 40, domin kusurwoyinta biyu za su sauka tsakiya inda babu ginshiƙi, su lotsa rufin ta ƙasan.

Inda aka fi yin ganganci shi ne ƙasa. Cikakkiyar kwantena tana kai kilo 30,480. Uku a ɗore sun haura tan 90, wato wajen tan 23 a kan kowane dunƙule, alhali faɗinsa bai wuce santimita 18 da 16 ba. Da rani ƙasa takan daure. Da ruwan damina ya jiƙa ta sai kusurwa ɗaya ta nitse, jikin kwantenar ya murɗe. Alamar farko ita ce ƙofa ta fara cijewa, sandunan kulle su ƙi shiga gurbinsu. Mai kaya sai ya kira mai walda ya yanke ya gyara, alhali ciwon yana ƙasa. Abin yi shi ne a kankare ƙasar sama, a zuba burji a daɓe shi sosai, a zuba kankare mai rodi ƙarƙashin kowace kusurwa, a auna huɗun su zo daidai wa daida. A bar gangaren santimita 1 a kowace mita don ruwa ya wuce, da sarari a ƙarƙashi don iska. Bulo mai rami dagargajewa yake yi. Guntun katako kuma gara yake jawowa, ga shi daɓen cikin kwantenar ma katako ne mai kaurin milimita 28.

Wajen ɗagawa, sarƙa huɗu daga kusurwoyin sama zuwa ƙugiya ɗaya tana matse cikakkiyar kwantena ciki har gefen rufin ya lanƙwashe. Ana kama ta ne da firam ɗin ƙarfe da ke jan kusurwoyin sama tsaye sak. In babu shi, a ɗaura daga kusurwoyin ƙasa da sanda mai raba sarƙoƙi, kada karkatarsu daga shimfiɗar ƙasa ta gaza digiri 45 ga mai ƙafa 20, ko 30 ga mai 40. Motar nan mai dogon hannu ta tashoshi tan 45 take ɗauka a layin kwantena na farko da ke dab da ita, amma a na biyu wajen 30 ne, a na uku wajen 15. Direban da ya manta da wannan zai ga tayoyin baya sun tashi. Foklif kuwa, wato motar ɗaga kaya mai yatsun ƙarfe biyu, ramukan da aka yi masa a gindin mai ƙafa 20 kawai zai bi.

A jikin ƙofar hagu akwai farantin CSC, wato shaidar ingancin kwantena bisa yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1972, mai nuna nauyin da za a iya ɗora mata, galibi kilo 192,000. Wannan lissafi na lafiyayyar kwantena ne. Wadda aka yanke wa gefe don shago, ko tsatsa ta ci ginshiƙinta, kada a ɗora mata komai.

Wadda ba kaya ita ce abin tsoro idan hadarin farkon damina ya taso, domin mai ƙafa 40 ba ta kai tan 4 ba, gefenta kuma ya haura murabba'in mita 30. A sa makulli mai murɗawa a kusurwa huɗun tsakanin ta sama da ta ƙasa, mai nauyi a ƙasa, a jera su gungu ɗaya maimakon dogon layi guda, nesa da wayar lantarki.

Muna kira ga hukumomin tsara birane na jihohi da su hana ɗora fiye da biyu a duk filin da ba shi da daɓen kankare, su kuma tura ma'aikatansu duba filayen kafin ruwan farko.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan filin kwantena, Kano