Shamuwa Ta Iso, Amma Ina Za Ta Yi Sheƙa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan baƙuwar da ke sauka a ƙauyukanmu duk shekara idan bazara ta yi nisa, wato shamuwa.

A nan ƙasar Gumel, daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, kunamu suka fara yawon dare har mai kwana a tsakar gida ba ya kwanciya sai ya kakkaɓe tabarma, a daidai nan ne ake wayar gari a ga shamuwa a kan tsamiyar bakin masallaci. Tun muna yara muka san ba a jifanta kuma ba a taɓa ƙwanta, yaron da ya ɗaga mata danƙo kuwa kowane dattijo a gari yana da ikon ja masa kunne. Ganinta ne ke sa manomi ya hanzarta sharar gona, ya kwashe sauran taki a amalanke, ya kai fartanya maƙera, masu ƙarfin zuciya ma su yi binnen gero tun ƙasa tana busasshiya. Ni ina sauraron hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, a rediyo, amma mahaifiyata har gobe sai ta ɗaga kai ta duba tsamiya kafin ta yarda a fito da iri daga rumbu.

Wannan tsuntsuwa tana cin daminar ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe lokacin da muke fama da hunturu, sannan ta biyo hadari ta zo wurinmu ta yi ƙwai, jim kaɗan bayan tsuntsayen Turai sun tashi daga fadamun Haɗeja da Nguru. Abincinta fara ce da tsutsa, don haka duk garin da ta yawaita shukarsa tana samun mai gadi ba tare da an sayi maganin feshi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, bana ta zo ta tarar babu tsamiyar. An sayar da ita ga masu gawayi da rani. Gawon da ke bayan gari an daddatse shi saboda dabbobi, kukokin kuma an zage su don miya har sun zama kamar turaku. Kwana biyu na ga tsuntsayen suna shawagi a kan gari, daga baya kaɗan suka tare a wata darbejiya, sauran suka wuce. Ban ɗora laifin duka a kan mai gatari ba, domin tsadar gas da kalanzir ce ta mayar da mutanen birni kan gawayi, talaucin bazara kuma shi ke sa magidanci ya sayar da itacen da kakansa ya bari.

Sai dai maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, sun nuna akwai mafita. Tun shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani, inda manomi yake barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonarsa yana gyara shi har ya girma, kuma ta haka suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Mu a nan, hukumar yaƙi da kwararowar hamada ta Great Green Wall da aka kafa a 2015, wadda Jigawa take cikin jihohi 11 da take aiki, an fi saninta da dashen sababbin itatuwa, alhali shamuwa ba za ta iya ɗora sheƙarta a kan dashen bara ba.

Saboda haka ina kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni su ƙidaya manyan itatuwan da ke cikin garuruwansu, su hana sare su sai da izinin majalisar gari, jami'an gandun daji kuma su riƙa tare motocin gawayi tun daga bakin daji. A unguwarmu mun yi shawara za mu kewaye 'yar tsamiyar da ta tsiro kusa da kututturen da ƙaya kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa