Haƙurin da kuke ta faɗa wa matan soja

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai, har yau ban huce ba. Kun tara maza uku, kowa ya buɗe baki sai "mata su yi haƙuri". Cikinsu wa ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ya dawo daga Bosso?

Maigidana yana can a 2016 da Boko Haram suka afka wa garin. Ya dawo da ƙafafunsa, dangi suka yi ta barka, aka yi sadaka. Ni kaɗai na san abin da ya shigo mini gida. Ba ya runtsawa sai da takalmi a ƙafa, baya jingine da bango. Ran da murfin tukunya ya suɓuce wa ɗiyarmu, sai ga shi kwance ƙasa jiki na ɓari. Ya tashi ya mare ta, ya shige ɗaki ya kulle yana kuka. Yarinyar da shi ke goyonta da! Shimfiɗa kuwa tuni muka raba, tun daren da ya shaƙe ni cikin barci bai sani ba. Wannan wa zan faɗa wa? Inna ta ce iska ce, an sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru.

Baƙonku da ya ce soja namiji ne, ba ya kai kuka gun likita, shi ya fi ƙona mini rai. Irin maganar nan ce ta ɗaure maigidana. Da na ambaci likitan ƙwaƙwalwa, cewa ya yi so nake abokansa su riƙa nuna shi suna "ɗan Pavillon E", wato sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai. Alhali ciwo ne sananne, ana maganinsa da ƙwayoyi da zaman magana da likita. In kuma Yamai aka tura mutum daga nan Tawa, tafiyar ta wuce kilomita 500, ga kuɗin mota ga masauki, ga shi ya aje kaki.

Sojoji 71 da aka kashe a harin Inates, 89 a na Shinagodar, Allah ya jiƙansu. To waɗanda suka kwashe gawarwakin abokansu fa? Suna nan cikin gidajenmu. Ku sake shirin nan, ku kawo likita, ku kawo matar soja ko da ba za ta faɗi sunanta ba.

Sannan lambar wayar nan da kuke bayarwa, don Allah ku gyara ta. Kira ba ya shiga, in ma ya shiga sai a bar mutum kan layi kuɗinsa na ƙonewa.

Mai sauraronku,
matar tsohon soja, Tawa