A Yi Hattara Da Walda A Ƙasan Motar Lantarki

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja kunnen masu motar lantarki a Kano. Makon jiya na kai tawa Ƙofar Ruwa a sa mata ƙarfen jan tirela, don ɗauko gero daga Dawanau. Mai walda har ya shige ƙarƙashinta zai kunna inji, gabana ya faɗi, na ce ya dakata. Batirin a shimfiɗe yake a ƙasan motar, wutarsa wajen bolt 400. Huda ɗaya na iya tayar da gobara. Da noti ake ɗaure ƙarfen a ramukan da kamfani ya tanada, shi ma sai in littafin motar ya amince da ja. Sannan jan kaya na shanye caji, ga halin wutarmu.

Naku,
Mai karatu daga Hotoro